Majami'a a Sama, Kurkuku a Ƙasa: Tarihin Kagarar Elmina



Yawancinmu a majami'a muka fara jin kalmar "kagara". A Zabura muka same ta, da waƙoƙin sujada, inda ake kwatanta Ubangiji da wurin da mutum yake gudu ya ɓuya ran da abokan gaba suka taso masa. Shi ya sa kalmar take da daɗi a kunnenmu. A wannan mako za mu duba tarihin wata kagara ta dutse da farar ƙasa, wadda har yau tana tsaye a bakin teku a garin Elmina na ƙasar Ghana, kimanin kilomita 150 yamma da Accra. Ta haura shekara 540. Ta yi ma'ajiyar zinariya, ta yi wurin tara bayi, ta yi bariki, ta yi kurkukun sarki, ta yi makarantar 'yan sanda da ta sakandare, yanzu kuma gidan tarihi ce. Abin da ya sa muka kawo ta wannan shafi shi ne, akwai ɗakunan sujada biyu a cikinta, ɗaya kuwa a saman ɗakin da ake tsare mata bayi yake.

Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar mutanen wurin suna da zinariya mai yawa. Suka sa wa wurin suna Mina, wato mahaƙa, ko da yake ba a nan ake haƙo ta ba, fatake ne suke kawowa daga can cikin kurmi. 'Yan garin kuwa Edina suke kiran garinsu, har gobe. A watan Janairu na 1482 wani hafsa mai suna Diogo de Azambuja ya sauka da mutum 600, sojoji 500 da magina da masu sana'a 100, bisa umarnin Sarki João na Biyu. Sun zo da duwatsun ƙofofi da na tagogi a sassaƙe tun daga gida, don kada aikin ya ɗauki lokaci. Kafin a kafa harsashi sai da suka yi bagade a gindin wata bishiya, firist ya yi musu sujada. Da addu'a aka fara ginin nan.

Sarkin garin, wanda littattafan Fotugal suka rubuta sunansa Caramansa, a Ghana kuma ake ce masa Kwamena Ansa, bai so ba. Azambuja ya yi masa maganar baftisma da ceton rai, sannan ya shigo da maganar fili. Marubutan Fotugal da kansu sun ce sarkin ya nuna ya fi son a ci gaba kamar dā, jiragen su zo su yi ciniki su koma, domin abotar da ake ziyara ta fi ta maƙwabtaka daɗewa. Aka matsa masa da kyauta da barazana har ya yarda. Da magina suka fara fasa wani dutse da mutanen garin suke girmamawa a addininsu, sai faɗa ya tashi, aka ji wa wasu rauni, aka sake kai kyauta kafin ƙura ta lafa. Suka gama, suka raɗa wa kagarar sunan Waliyyi George. Ita ce ginin Turawa mafi tsufa da ya rage a tsaye kudu da Sahara.

Akwai wani abu a wannan zamani na farko da ba a cika faɗa ba. A shekarun nan Elmina shigo da bayi ake yi cikinta. Turawan Fotugal sukan sayo mutane daga wajen masarautar Benin, a Najeriya ta yau, da tsibirin São Tomé, su kawo su Elmina su sayar wa fataken Akan a karɓi zinariya, su kuma fataken su sa su dako da haƙa. Tun kafin nan, a 1452 da 1455, Paparoma Nikolas na Biyar ya riga ya ba sarkin Fotugal takardun izini ya mallaki ƙasashen waɗanda ba Kirista ba, ya kuma bautar da mutanensu. Saboda haka wanda yake wannan ciniki yana iya zuwa sujada ran Lahadi zuciyarsa a kwance.

Majami'ar da ake gani yau a tsakar gidan kagarar an gina ta ne a ƙarshen ƙarni na 16, bayan wani hari da Turawan Holan suka kai a 1596 ya nuna cewa ta waje ba ta da tsaro. Holan suka sake gwadawa a 1625, aka karkashe su. A 1637 suka dawo da shiri, daga Brazil. Dalilin zuwansu daga can shi ne jigon abin da ya biyo baya: kamfaninsu na Yammacin Indiya, wanda aka kafa a 1621, ya ƙwace gonakin rake na arewa maso gabashin Brazil daga hannun Fotugal, gonakin rake kuwa ba sa tafiya sai da hannuwa masu yawa. Suka hau da igwa kan wani tudu da yake kallon kagarar, tudun da ya samo sunansa, Santiago, daga wani ƙaramin ɗakin sujada da Fotugal suka gina a kai. Daga can suka yi ta ruwan wuta har masu tsaro suka miƙa wuya a ƙarshen watan Agusta. Da yake sun san ta inda suka ci, sai suka gina wata kagarar a kan tudun, Coenraadsburg, don kada wani ya yi musu irin wannan.

Sababbin masu gidan 'yan ikilisiyar Reformed ne, mabiyan koyarwar Calvin, kuma sun daɗe suna yaƙi da sarkin Sifen, Bakatolike. Ba su ga majami'ar Fotugal a matsayin wuri mai tsarki ba. Suka fitar da siffofi, suka raba ginin hawa biyu, suka mai da shi ɗakin ciniki da wurin cin abincin sojoji. Sannan suka yi nasu ɗakin sujadar a bene, a ɓangaren da yake kallon kogin Benya, fili ba ado, kamar yadda koyarwarsu ta tanada. A saman ƙofar suka sa rubutu da harshensu daga Zabura 132, wurin da ake maganar Sihiyona a matsayin mazaunin da Ubangiji ya zaɓa ya huta a ciki har abada. A ƙarƙashin wannan ɗaki ake tsare mata.

Ɗakunan ƙasa tun asali ma'ajiyar kaya ne, an yi su don tufafi da tasoshin tagulla da ganguna. Da ciniki ya juya, mutane aka zuba a ciki. Duhu ne, iska sai ta 'yan ƙananan kafofi, mutum a nan zai kwanta, a nan zai yi bayan gida, a nan zai yi zazzaɓi ko atuni, makonni ko watanni, har jirgi ya zo. Ana yi musu lalas da ƙarfe mai zafi. Akwai wani ƙaramin ɗaki da aka zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, masu zagayawa da baƙi suna cewa a nan ake jefa wanda ya yi tawaye, ba ci ba sha, har ya mutu. Suna kuma nuna barandar gwamna, wadda take kallon farfajiyar mata, da matakalar da ake bi da wadda ya zaɓa zuwa ɗakinsa. A ƙarshe akwai wata ƙofa siririya ta wajen teku, mutum ɗaya ɗaya take ɗauka, wadda yanzu ake kira ƙofar da ba a dawowa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, fiye da miliyan ɗaya daga wannan gaɓa ta Gwalkwas, jiragen Holan kuma sun kwashi kimanin 600,000 daga sassa dabam-dabam.

Ran Lahadi, ma'aikatan kamfani suna zaune a bene, ana karanta Dokoki Goma, ana rera Zabura, ana cin Jibin Ubangiji. Abin da ya raba su da matan nan bai wuce daɓe ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makewayin da ya cika a lokacin zafi ya san wari ba ya neman izini kafin ya hau bene. Kuka ma haka. Ba za mu ce ba su sani ba, tunda da yawansu aikinsu ke nan daga Litinin zuwa Asabar: ƙirga kawuna, duba haƙora, rubuta farashi a littafi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, mai yiwuwa wasu cikinsu da gaske suke addu'a. Suna da uwaye da suke kewa, suna tsoron zazzaɓin da yake kashe Turawa a gaɓar nan kamar ƙudaje, suna roƙon Allah ya mai da su gida lafiya. Sun saba ne kawai. Sun samu hanyar da za su ajiye mutanen ƙasa a wani aljihu na zuciya inda wa'azi ba ya kaiwa.

A kan mumbarin wannan ɗaki wani baƙar fata ya tsaya yana wa'azi daga 1742 zuwa 1747. Sunansa Jacobus Capitein. An haife shi wajen 1717 a wannan yanki, aka raba shi da iyayensa yana ɗan shekara bakwai ko takwas, aka sayar da shi ga wani kyaftin na jirgi, shi kuma ya ba da shi kyauta ga wani ma'aikacin kamfani, Jacob van Goch. Daga kyaftin ɗin sunan Capitein ya samo asali. A 1728 ubangidansa ya tafi da shi Holan. Ya yi makaranta a birnin Hague, aka yi masa baftisma a 1735, ya shiga Jami'ar Leiden a 1737 don karatun tauhidi. A watan Maris na 1742 ya gabatar da takardarsa da harshen Latin, a kan cewa bautar da mutum ba ta saɓa wa 'yancin da Kirista yake da shi ba. Hujjarsa ita ce 'yancin da bishara take bayarwa na ruhu ne, don haka mutum yana iya zama bawa a jiki, ɗa a cikin Almasihu. Ya jingina da wasiƙun Bulus, har da wadda aka rubuta wa Filimon a kan Unisimas. Takardar ta yi kasuwa, aka fassara ta da harshen Holan, aka buga ta sau da yawa, aka yi ta sayar da hotonsa. Masu jarin jiragen bayi ba su taɓa samun shaida irin wannan ba: ga wanda aka sayar da kansa yana cewa ba laifi.

Da sauƙi mu kira shi maci amana mu wuce. Amma akwai abin da yake nema. A zamaninsa masu bayi da yawa suna hana a yi wa bayinsu baftisma, don tsoron kada a ce wanda ya zama ɗan'uwa cikin bangaskiya dole a 'yanta shi. Capitein yana so ya cire musu wannan tsoro domin a bar bishara ta kai ga mutanensa. Ya sayi ƙofar wa'azi da farashin da ba shi ne zai biya ba, waɗanda suke kwance a ƙarƙashin mumbarinsa ne suka biya. A ganinmu ya yi kuskure babba, kuma kuskuren irin na mai himma ne, wanda ya sa "aikin Ubangiji" a gaba har ya daina ganin mutanen da aikin ya kamata ya yi wa amfani. Mu ma da muke son a cika kujeru a taron farkawa, ba mu fi ƙarfin irin wannan ba.

Abin da ya saya ɗin ma bai same shi ba. Ya iso Elmina a ƙarshen 1742 a matsayin fasto kuma ma'aikacin kamfani, albashinsa daga ribar cinikin yake fita. Turawan kagarar ba su damu da sujada ba, wasiƙunsa cike suke da kukan shaye-shayensu da zaman dadiro, wasunsu kuma ba su ga dalilin da baƙar fata zai tsawata musu ba. Mutanen gari suna ganinsa Bature. Ya so ya auri 'yar garin don ya kusanci jama'a, shugabannin ikilisiya a Amsterdam suka ƙi saboda ba ta yi baftisma ba, sai ya auri wata 'yar Holan, Antonia Ginderdros, a 1745. Ya buɗe makaranta da gidan marayu, har Sarkin Asante Opoku Ware ya aiko da yara a koya musu. Ya juya Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya zuwa harshen Fante, aka buga a 1744, su kuma na Amsterdam suka yi ta ƙorafi a kan fassarar. Ya rasu a watan Fabrairu na 1747, yana da kimanin shekara 30, bashi ya yi masa katutu. Bai bar ikilisiya a garin ba.

Wannan ma abin lura ne. Shekaru ɗaruruwa ana sujada a cikin kagarar Elmina, amma bangaskiya ba ta tsallake ganuwar ta zauna da gindinta ba. Da firistocin Katolika biyu, Auguste Moreau da Eugène Murat, suka iso garin a 1880, abin da suka tarar na zamanin Fotugal 'yan burbushi ne da suka gauraya da addinin gargajiya. A Cape Coast, maƙwabciyar Elmina, inda Ingilishi suke da tasu kagarar mai ɗakin sujada a saman kurkukun maza, abin ya kama ne ta hannun wasu samari da suka yi makarantar kagarar, suka kafa ƙungiyar karatun Littafi Mai Tsarki. Ɗaya daga cikinsu, William de Graft, ya roƙi wani kyaftin ya kawo musu Littattafai daga Ingila. Roƙon ne ya sa 'yan Methodist suka aiko da Joseph Dunwell, ya sauka ran 1 ga Janairu 1835, ya rasu cikin wata shida, samarin suka riƙe aikin. Zumuntar matasa ce, kamar tamu.

Kada kuma mu ba da labarin kamar Turawa su kaɗai suka yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yan tsirarun Turawan da suke cikin kagarar, rabinsu a kwance da zazzaɓi, ba su shiga daji kamun mutane ba. A bakin ƙofa suke saye, da bindiga da albarushi da barasa da tufafi. Sarakuna da fataken Afirka ne suke kawowa, daga yaƙe-yaƙe, da hare-hare, da waɗanda bashi ya ci. Bayan Asante ta ƙarfafa a ƙarni na 18, ƙasashen Gwanja da Dagomba sukan biya ta gandu da mutane. Kasuwar Salaga, wadda fataken Hausawa suke zuwa sayen goro, babbar kasuwar bayi ce. Ayarin da ya tafi Gwanja da kanwa da baƙin rini na Kano yakan tafi da mutane ma. A nan gida kuwa, da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun ji daga bakin kakanni dalilin da ya sa ƙauyensu yake kan dutse. Wasunmu jikokin waɗanda aka kama ne, wasunmu jikokin waɗanda suka kama, wasu duka biyu. Gidan 'yantattun bayi da mishan ɗin SUM ta buɗe a Rumasha, a bakin Binuwai, a 1909 yake, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Abin bai yi nisa ba.

Holan ta haramta cinikin bayi a 1814, sai kagarar ta rasa abin yi. Aikin da aka samo mata ya yi kama da na dā ƙwarai. Daga 1831 zuwa 1872 an ɗebi 'yan Afirka kimanin 3,000 ta Elmina zuwa aikin soja a tsibirin Java da sauran yankunan Indonesiya ta yau. A 1837 wakilin Holan, Jan Verveer, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua don samun mutane. Da yawansu bayi ne 'yan arewa, ana fansarsu da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu. Ingila ta yi ƙorafi cewa wannan cinikin bayi ne da aka sa wa kaki. Waɗanda suka dawo da rai sun zauna a wata unguwa ta Elmina da har yau ake kira Tudun Java.

A watan Afrilu na 1872 Holan ta miƙa kagarar ga Ingila, bayan shekara 235. A nan ne masu jin Hausa suka shigo labarin da bindiga a kafaɗa. Tun 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna a Legas, yawancinta 'yan arewa da suka gudo daga bauta a ƙasar Yarabawa. Ana kiransu Hausawan Glover, ko da yake ba duka ne Hausawa ba, harshen ne ya haɗa su, kuma daga wannan runduna sojan Najeriya yake ƙirga asalinsa. Daga cikinsu aka kawo masu gadin Elmina. Sarkin garin, Kobina Gyan, da wani ɓangare na jama'arsa sun ƙi mulkin Ingila, domin tsohuwar amana ce tsakaninsu da Asante. Aka kama shi aka kai shi Saliyo. Ran 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka yi wa tsohon garin, wanda yake manne da kagarar, ruwan igwa, suka ƙone shi ƙurmus, sojojin Hausa kuma suna cikin rundunar da ta yi faɗa a ranar. Ba a sake gina garin a wurin ba, fili ne har yau. Mutanen da suka tsere wa igiya a wani wuri, ga su suna gadin gidan bayi, suna taya mai gida rushe garin wasu. Albashi suke nema da wurin fakewa, kamar kowa.

A 1896 Ingilishi suka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a Kumasi, tare da mahaifiyarsa da manyan fadawansa, suka tsare shi a Elmina. Jikan sarakunan da suka daɗe suna aiko da mutane wannan gida, yau shi ne a kulle a ciki, sai dai a ɗakin sama. Daga nan aka kai shi Saliyo, a 1900 aka wuce da shi tsibiran Seychelles, inda ya karɓi baftisma a ikilisiyar Angilikan. Sai 1924 ya ga gida.

Sauran ayyukan da ginin ya yi sun zo da sauri. A Yaƙin Duniya na Biyu an horar da sojojin Afirka ta Yamma a ciki. Bayan yaƙi ya zama makarantar horar da 'yan sanda. Ghana ta sami mulkin kai a 1957, daga baya hukumar gidajen tarihi ta karɓi ginin, makarantar sakandare ta Edinaman ta zauna a ciki na wani lokaci, da wasu ofisoshin gwamnati. Yara da kayan makaranta suna guje-guje a farfajiyar da aka taɓa jera kakannin wasu ana taya su. A 1979 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da sauran kagarun gaɓar Ghana.

Da aka fara gyara a shekarun 1990 sai gardama ta tashi. Ga 'yan garin da yawa, kagarar tsohon gini ne mai dogon tarihi, na zinariya da sarauta da yaƙi, kuma hanyar samun baƙi da aikin yi. Ga baƙaƙen fatar Amurka da na tsibiran Karibiyan da suke zuwa neman tushensu, kabari ce. Sun ƙi a shafa wa bangon kurkuku farar ƙasa, sun ƙi a gyara shi har ya yi kyan gani, a Cape Coast ma sai da aka rufe wani gidan cin abinci da aka buɗe a cikin kagarar. Muna ganin suna da gaskiya a kan kurkukun. Akwai gyaran da yake ɓoye shaida.

A 2004 babban taron ƙungiyar ikilisiyoyin Reformed ta duniya ya zauna a Accra, aka kai wakilai Elmina da Cape Coast. Magadan ikilisiyar da ta yi sujada a benen nan suka shiga ɗakin ƙasa, sannan suka hau suka karanta rubutun ƙofa. A wasiƙar da suka aika wa ikilisiyoyinsu sun yi maganar wannan sama da ƙasa, kuma daga taron ne shaidar bangaskiya ta Accra ta fito, wadda ta ce zaluncin tattalin arziki magana ce ta bangaskiya. Gwamnatin Holan kuwa sai a watan Disamba na 2022 firaministanta Mark Rutte ya nemi gafara, Sarki Willem-Alexander ya bi baya ran 1 ga Yuli 2023.

Sa'ad da muke tattauna wannan rubutu, wata 'yar'uwa ta kawo maganar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Ta ce a gidajenmu nawa ne akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku ke nan ba ta ga allo ba? Ita take tashi kafin kowa, ita take kwanciya bayan kowa. Ran Lahadi ita take guge mana kayan mawaƙa, mu tafi sujada ta biyu, ta zauna tana tuƙa tuwon da za mu ci in mun dawo da baƙi. Ana addu'ar safe a falo tana share tsakar gida. Ba mu ce wannan daidai yake da jirgin bayi ba, kuma mun san gidaje da yawa da suka riƙe 'ya'yan dangi da amana har suka aurar da su. Amma a cikinmu akwai waɗanda suka san sunan yarinyar, suka san ba a biyanta, ko kuwa wata mata ce can take karɓar kuɗin, suka kuma saba. Wasunmu a wannan zumunta su ne yarinyar, a dā ko a yanzu. Mun yarda za mu kai maganar gaban dattawan ikilisiya da zumuntar mata, da roƙon a san yara nawa ne irin waɗannan a gidajen membobi, kuma nawa ne cikinsu suke zuwa makaranta.

Wanda ya je Elmina yau zai tarar bakin kogin Benya cike da kwale-kwalen masunta masu tutoci kala-kala, da yawa an rubuta musu ayoyi a jiki. Majami'ar Fotugal ta zama ɗakin nunin tarihin garin. A kurkukun akwai furannin da baƙi suke ajiyewa a jikin bango. Ɗakin sujadar Holan babu kujeru, babu mumbari, amma rubutun Zabura yana nan a saman ƙofar.

A taronmu na mako mai zuwa za mu karanta Zabura 132 gaba ɗaya, da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Aya 25 ce kawai, a karanta ta a gida kafin a zo.